Baba da Tukunyar Sirace

Tindhariya, ƙarshen damina

Zuwa ga ƙanwata Pabitra,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da duk mutanen gida. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Bhupen da yara, kuma zaman Toronto bai mantar da ku ɗanɗanon shayin gida ba. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan ruwa bai gama sallamarmu ba. Matata Menuka tana lafiya, mahaifiyarmu Ama ta samu sauƙin gwiwa, ɗalibaina kuwa suna nan suna gudun karatu iyakar ƙarfinsu.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. A waya ba ta faɗuwa, domin da ya ji sunanki sai ya jawo kujera ya kasa kunne. Kin san duk shekarun da ya yi yana tuƙa ƙaramin jirgin ƙasa a duwatsun nan, kalmar Turanci ɗaya tak ya fito da ita, wato sitim, kuma da ita yake auna duniya. In mutum ya gaji, sitim ɗinsa ne ya yi ƙasa. In Ama ta hau faɗa, sai ya ce a buɗe tagogi tsohuwar nan ta rage sitim kafin ta fashe, ita kuma ta ce ai dattijon da ya tsufa da baƙin gawayi a kunne ba shi zai koya mata natsuwa ba. Na taɓa gigin gaya masa cewa sitim ɗin nan fa tururi ne kawai. Ya ce malam sarkin takardu, in koma aji in yi wa yara wannan wayon.

To, tun farkon damina tari ya kama shi. Maganinsa kuwa kin riga kin sani: sirace. Ya ƙwace tukunyar da Menuka ke turara momo, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, yana tafasa ganyen zaiti da citta da gishiri, ya zauna a bakin gado ya lulluɓa da tsohon bargonsa na aiki. Da farko dariya na riƙa yi. Har na ce masa in ya dahu ya yi magana a kawo yaji. Da tarin ya ƙi tafiya, na ce mu sauka asibitin birnin Siliguri a ɗauki hoton ƙirjinsa. Ya ce injin da ya toshe ba hoto ake yi masa ba, wuta ake ƙara masa, kuma shi da ya hau da jirgi har tashar Ghum ta can saman dutse cikin ruwa da iska, ba yaron likitan da bai taɓa riƙe shebur ba ne zai leƙa masa tukunya.

Pabitra, na daina dariya. Menuka ta ɗauki bargon za ta wanke, sai ta ga ɗigon jini a gefen ciki, tsoho da sabo. Da muka tsare Ama, ta fashe da kuka, ta ce ta daɗe da gani, shi ya hana ta faɗa. Shekaranjiya da hantsi na ji tarin ya taso masa, na ga ya yi sauri ya shige bargo. Na matsa na taɓa tukunyar. Sanyi ƙalau take, ko wuta ba a hura ba. Ashe ba tururi yake bi ba yanzu, wurin ɓuya yake nema, ya yi tarinsa inda ba mai ganin abin da ke fitowa.

Na ɗaga bargon. Na zaci zai zage ni yadda ya saba, kuma wallahi zagin nake fata. Baki kawai ya goge. Can ya ce kada in kuskura in gaya miki, a bar ki ki zo bikin Dasain kamar yadda kika shirya, ya sa miki tika, jan ɗigon albarkar nan, a goshi da hannunsa, bayan nan in kai shi duk inda na ga dama. Ya rame ƙwarai, hular ma ta yi masa yawa. Ni ba likita ba ne, amma ban yarda ƙirjin nan zai yi haƙuri har biki ba.

Ni ba ya jin maganata, tun ina yaro haka muke. Ke kuwa bai taɓa iya ce miki a'a ba, ko a ranar da kika ce za ki bar ƙasar. Kada ki yi masa waya, zai gyara murya ya ba ki dariya ki kwantar da hankali. Ki nemi hutu ki taso. Ki shigo ɗakin nan ki ɗauko masa takalmansa ki ce ya tashi, ni kuma zan tanadi mota a bakin titi. Na san zai yi fushi da ni, ƙila ya daina yi mini magana. Na yarda, in dai yana da numfashin da zai yi fushin.

Ki gaida Bhupen, ki shafa mini kan Anjila da ƙaramin Rewat. Ama da Menuka suna gaishe ku, haka ma gwaggo Dilmaya. Baba bai aiko da gaisuwa ba, domin bai san na rubuto ba. Kada ki jira biki.

Yayanki mai zuba ido,
Dhruba