Kada a Sare Ɗorawar Mahaifina da Sunan Sulhu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Sulhu na gundumarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da sauran dattawan kwamiti, da fatan iyali suna lafiya, kuma zafin bazarar nan yana zuwa muku da sauƙi.

Sunana Hajara, amma a kasuwar Gwaram an fi sanina da Inna Mai Daddawa. Ina zaune a wani ƙauye na ƙasar Zandam. Ni ce mai bishiyar ɗorawar da kuka yanke hukuncin a sare bayan cin kasuwa mai zuwa. Na yi ta sintiri zuwa gidanka a Birnin Kudu, kullum sai a ce ka fita. Na gaji da hawa mota a banza, shi ya sa na fito da maganar fili, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Bari in faɗa maka abin da ya kamata ka ji kafin ka yi hukunci. Da aka raba gadon mahaifinmu, gona ta faɗa a kason yayana, ɗorawar da ke tsakiyarta kuma aka ce tawa ce. Haka muka taso muka tarar ana yi a nan: ƙasa da mai ita, itace da mai shi. Da yayana zai koma Kano ya sayar wa Malam Sale gonar, kuma a gaban mai unguwa aka faɗa cewa ban da ɗorawa. Shekara da shekaru muna zaune lafiya. Ni in kaɗe 'ya'yanta da bazara, shi ya shuka geronsa da damina. Da kalwarta nake yin daddawa, da daddawar nan na riƙe marayu tun rasuwar maigidana.

Bara ne abin ya ɓaci. Bishiyar ta yi rassa sosai, inuwarta ta danne geron da ke ƙarƙashinta, bai yi zangarniyar kirki ba. Ɗan Malam Sale ya ji haushi ya hau ya datse babban reshe ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ɗana Habu ya tarar da shi, kai ya ɗau zafi, aka ba hammata iska, aka fasa kai. Wallahi da na ji an ce maganar ta je gaban kwamitinku har hamdala na yi. Na ce gara dattawa da kotu, domin mu maƙwabta ne, a rijiya ɗaya muke ɗiban ruwa. Ashe murnar banza na yi.

Ga ƙorafina, ranka ya daɗe.

Na farko, kun yi zama a kan dukiyata ba ku kira ni ba. Kuka aika aka taho da Malam Iro, ƙanin mijina, wai shi ne namijin gidan. Malam Iro mutumin kirki ne, amma tela ne. Bai taɓa riƙe maƙata ya kaɗo ɗorawa ba, bai san kwana nawa kalwa take yi a rufe kafin ta zama daddawa ba. Bishiyar ma ba ta gidansu ba ce, gadona ce daga ubana. Aka tambaye shi ko ya yarda, ya ga manya sun riga sun gyaɗa kai, shi ma ya gyaɗa. Ni kuwa a lokacin ina tsakar gida ina wanke kalwa, muryarku ma ina iya jiyowa daga zauren mai unguwa. Da me zan rage ku in an ce in zo in tsaya daga bakin ƙofa in faɗi nawa?

Na biyu, hukuncin kansa. An ce mini cewa ka yi tunda bishiya ce take haddasa faɗa, a kawar da ita, a raba itacen biyu, kowa ya huta. Haba, ranka ya daɗe! In yara biyu suna faɗa a kan akuya, yanka ta ake yi a ce an raba gardama? Rabin itacen da za a ba ni in yi yaya da shi? In na dafa tuwo da shi ya ƙare kafin kaka, sai in ci me baɗi? Masu gawayi ne kaɗai za su ci ribar wannan sulhu, kuma tun ranar suke zagaya gonar suna auna kaurin gindin bishiyar da ido.

Na uku, kun yi gaggawa. Mai unguwa ya ce tsakanin azahar da la'asar kuka gama, aka shafa fatiha, aka sa samarin biyu suka gaisa, aka ɗauki hoto, kuka shiga mota. Ba wanda ya taka zuwa gonar, alhali ga ta nan bayan gari. Da kun je da kun ga gefe ɗaya ne kawai inuwar take cutar da shuka. Samarin da kuka sa suka gaisa kuwa, har yau in sun haɗu a hanya kowa kau da kai yake yi.

Akwai kuma abin da ya fi ɗaure mini kai. Ku ne kuka zo da daminar bara kuka tara mu a filin makaranta, kuka raba mana 'yan tsirrai a leda, kuka yi mana dogon wa'azi a kan kwararowar hamada. Na karɓi nawa na dasa, akuyoyi suka cinye. Yau kuma bishiyar da ta girme ni, wadda ba ta neman ban ruwa ko shinge, ita za ku sa wa injin yankan itace. Ba ni kaɗai take ciyarwa ba. Matan unguwarmu suna samun garinta, masu daɓe suna zuwa neman makuba daga ɓawonta, makiyaya suna hutawa a gindinta da rana tsaka. Dillalan da ke kai daddawata Birnin Kudu da Kano su ma da ita suke samun na cefane.

Kada ka ɗauka ina raina aikinku. Na ga gidajen da shari'a ta raba har abada, na kuma ga inda dattawa suka zauna suka ɗinke ɓarakar da alƙali ba zai iya ba. Muna buƙatarku. Amma sulhun da aka yi a bayan idon mai haƙƙi ba ya kashe wuta, toka yake rufa mata. Ina tsoron ranar da bishiyar nan za ta faɗi. Na san zuciyar Habu, kuma ban da ƙarfin riƙe shi.

Saboda haka ina roƙonka abubuwa kamar haka. A dakatar da mai injin. Ka zo da kanka a yi zama a gindin ɗorawar, a kira ni, a kira Malam Sale, a kira tsofaffin da suka shaida cinikin gonar tun suna raye. Ni na yarda a rage rassan da ke danne masa shuka, muddin an bari na kaɗe na bana, ga su nan sun kusa nuna. Na yarda kuma duk shekara in fitar masa da rabo daga garin da daddawar, maimakon geron da yake rasawa. Sannan don Allah, daga yau in magana ta shafi dukiyar mace, a nemi bakinta.

Kada ka ce abokin rigimata ba zai yarda ba. Shekaranjiya Malam Sale ya yi sallama a ƙofar gidana, rabonsa da ita tun ranar faɗan. Ya tsuguna ya ce shi bai taɓa neman a sare ba, rage rassa kawai yake so, nauyinku ne ya hana shi musawa. Yanzu kuma yana jin kunyar janye abin da ya shafa wa fatiha a gaban manya. Ku kuka ɗaure shi, ku ne za ku kwance shi.

In kuwa wannan takarda ba ta shiga kunnenka ba, ka gaya wa mai injin ya zo da shirin jira. Zai tarar da ni a gindin ɗorawar a kan tabarmata, Malam Sale kuma ya ce zai kawo buzunsa ya zauna daga ɗaya gefen. Sai mai injin ya zaɓi wanda zai fara ce wa ya tashi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka haƙurin sauraron kowa, ya sa ka gama da wannan aiki babu haƙƙin kowa a wuyanka.

Wassalam, taka mai jiran zuwanka,
Hajara Mai Daddawa, daga ƙasar Zandam.