Ofishin Akawu Yana Saman Bene

Jos, Yuli 1959

Zuwa ga Malam Ƙasimu, makarantar Rano.

Gaisuwa da ladabi, Allah gafarta Malam. Yaya iyali da damina? Na iso lafiya.

Malam, ashe ba ka gaya wa kamfanin kuzan nan cewa ni gurgu ba ne? Ranar da na je, babban akawu ya leƙo yana tambaya, "Ina Ishiyaku Nariya da malaminsa ya yaba?" Na amsa daga ƙasa. Ya daɗe yana kallon ƙafafuna, sannan ya ce, "Ofishinmu fa yana saman bene." Masu neman aiki duk sun zuba mini ido.

Na rataya jakata a wuya na hau da hannu. Da na kai sama, sai akawun ya nuna mini tafireta. Yanzu kullum haka nake hawa. Gwiwoyina sun ɗan sale, amma kada Inna Hansatu ta ji. A roƙar mini Baffa baduku ya ɗinko mini fatar gwiwa mai kauri.

Na yi kwanaki ina jin haushinka, Malam, ka yafe mini. Jiya akawun ya faɗa mini da bakinsa cewa da ya sani, da bai kira ni ba. Har yanzu maganar ba ta sake ni ba.

Idan Habu kurma ya gama aji bakwai, shi ma kada ka gaya musu.

Ɗalibinka,
Ishiyaku