Sulke a Ƙofar Gida

Wurno, unguwar bakin fadama.

Zuwa ga ɗana Yazidu, a Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta ishe ka lafiya, kai da matarka Rumaisa da ɗiyanku, ya tsare ku a garin nan mai yawan mota da yawan ruwa. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Uwarku Inno ƙafarta ta yi sauƙi tun da ta bar zuwa rijiya, ko da yake ba ta bar faɗa da kaji ba. An sako ruwan madatsar Goronyo da wuri bana, albasa ta kama ƙasa da kyau, in ban da gefen da awakin maƙwabcina Yusha'u sunka yi wa aski, kuma har yau mutumin nan bai ce mini ko sannu ba. Ƙanwarka Sauda ce ke riƙe da biro, ka san ni ban shiga boko ba. Na gaya mata ta rubuta abin da ya fito bakina yadda ya fito, kada ta yi mini gyara irin na malaman makaranta. In ka ga magana ta karkace, tawa ce.

Ban yi niyyar aiko maka da komi ba, kuma ka san dalili. Yayanku ya tafi soja, ya faɗi a fagen daga can gabas, anka binne shi can tare da abokan aikinsa. Mu ba mu ga gawa ba, waya kawai anka bugo. Ranar sadakar uku zaurena cike da mutane, dangin uwarku na Maikujera da na Rabah duk suna zaune, ka miƙe ka ce tun da anka yi rasuwar ba ka ji na ambaci sunansa ko sau ɗaya ba, sai wancan yaron, wancan yaron, kamar ɗan maƙwabci ne ya mutu. A gaban surukaina ka faɗi haka. Na ce ka fita, ka fita kuwa, har damina nawa ta wuce ba ka waiwayo ba. Ban manta ba, kada ka zaci tsufa ya shafe mini.

Sai ga littafin da ka wallafa ya zo ta hannun wani direban Achida, da sunan Sauda a bayan ambulan, ba nawa ba. Ko ban iya karatu ba an gaya mini, na kuma riƙe. A bangonsa akwai hoton wani abu, shi ba mutum ba shi ba tukunyar ƙarfe ba, ba fuska sai baƙin gilashi. Na ce a kau da shi daga inda nake salla. Uwarku ce ta matsa sai an karanta mata, Sauda ta riƙa biyowa bayan la'asar in ta taso daga koyarwa, su zauna gindin darbejiya a tsakar gida. Ni ina zaure ina gyaran mangalar jaki. Ban ce ina saurare ba. Amma ka san muryar Sauda, ko kana bakin kasuwa sai ta ishe ka. Mangalar nan na kwance ta na ɗinke, na sake kwancewa, har jakin ya manta da aiki.

Yazidu, ina ka samo wanga abu? Ni na san sulke, kakana ya ba mu labarinsa, riga ce ta zobban ƙarfe mai nauyi wadda mutum ke ɗauka yana nishi. Naka kuwa shi ke ɗaukar mutum. Soja ya shiga ta baya, ƙarfe ya rufe a kansa kamar ɓawon gyaɗa. In ya motsa yatsa sai ƙarfen ya ji, ya motsa nasa da ƙarfin da zai tumɓuke giginya. Tsalle guda ya ƙetare ruwa mai faɗin gulbin Rima da tsakar damina. A ciki shina da iskarsa da ruwan shansa, shina ganin abokin gaba ta bayan dutse, shina jin bugun zuciyar ɗan'uwansa da ke nesa, in ta tsaya ya sani. Ƙasar da suke yaƙin ma ba tamu ba ce, wata duniya ce can bayan taurari mai rana biyu, kowane mutum da inuwa biyu. Ranar da Sauda ta karanta wurin nan na fita waje na tsaya ina kallon inuwata kamar ban taɓa ganinta ba, ina ta tasbihi. Allah da ya yi rana guda, mi zai hana shi yin biyu a wani wuri?

Yusha'u ya ji ƙishin-ƙishin, ya fara shigowa da buzunsa ba wanda ya gayyace shi. Shi damuwarsa mi sulken ke sha, fetur ko gas, don ya ga abin da injin ban-ruwa ke ci mana. Sauda ta ce batir ne, hasken rana biyun nan ke cika shi. Sai ya ce to a sayo ko guda ne a kai ƙauyukan da 'yan bindiga sunka hana noma. Na ce masa ya bar abin kunya, ƙage ne, ɗan'uwan tatsuniya, ba a ƙera shi ko'ina ba. Na faɗi haka da ƙarfi don ya ji, amma a zuciyata ni ma na so a ce akwai shi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kai. Kai da ko ƙota ba ka iya sa wa galma ba sai ta fice, kai ne ka zauna ka ƙera wanga ƙarfe da baki kawai, har ina jin ƙarar gwiwarsa in ya durƙusa. Ban san akwai wannan a cikin kanka ba lokacin da nake korarka zuwa tsaron tsuntsu a gonar shinkafa.

Sannan anka zo kan sojan nan naka wanda ba ka ba shi suna ba, abokansa na ce masa Babba. Ya tare mashigar dutse shi kaɗai har 'yan'uwansa sunka tsira, anka same shi a ƙirji. Na ɗauka nan labari ya ƙare. Ashe ƙa'idar sulken ita ce, in mai shi ya cika, sai ya rufe ruf, ya sanyaya gawar kada ta lalace, ya miƙe da ƙafafunsa ya kama hanyar gida. Ba mai tuƙa shi, ba mai tsayar da shi. Ya shiga jirgin da ke ratsa taurari ya tsaya a kusurwa, sojoji na wucewa suna sara masa. Ya sauka duniyarmu ya kama titi da ƙafa. Motoci na kaucewa, 'yan kabu-kabu na kashe mashin, mata na ajiye tallansu, manoma na miƙewa daga cikin albasa da laka a hannu suna salati. Ba ka faɗi sunan garin ba, amma kada ka raina mini hankali, hanyar Achida zuwa Wurno ce, na san kowace kwana tata. Ban san lokacin da na bar zaure ba, sai ganina na yi zaune bisa turmi kusa da uwarku. Riga mai kawo wa uba ɗansa har ƙofar gida. Mu da waya kawai munka samu.

To sai ka kawo mugun wurin. Ashe ranar da soja zai fara shiga sulkensa ana tambayarsa muryar wa za ta buɗe shi in ya mutu, da kuma kalmar da za a faɗa. Wasu sun zaɓi matansu, wasu uwayensu. Shi Babba ya zaɓi muryar ubansa, kalmar kuwa sunansa na yanka. Sulke ya iso ƙofar gida ya tsaya. Uban ya fito, jama'a sun taru, liman na jira, an riga an gina kabari. Uban ya dubi baƙin gilashin nan, bakinsa rufe, rana na hawa, don Babba ɗan fari ne. Sauda ta juya shafi, ba komi sai farar takarda. Yusha'u ya fara cewa an cuce mu, an yage ƙarshen littafin, sai ya dubi fuskata ya tuna bai ɗaure awakinsa ba, ya naɗe buzu ya fita. Karo na farko ke nan da awakin nan sunka dame shi. Uwarku ta tashi ta shiga ɗaki.

Na yi fushi, kuma har yanzu da saura. Ka ɗana wa ubanka tarko da takarda, ka sa ƙanwarka ta ja igiyar ba ta sani ba. Bari in gaya maka abin da bokonka bai gaya maka ba. Ni ma ɗan fari ne. Ubana har ya koma ga Allah bai taɓa cewa Mainasara ba, sai kai, ko wanga. Ban taɓa zaton ba ya so na ba, don na ga wa yake turo wa kan kifi in an yi miya. Kunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce, abu ne mai nauyi da ba a wasa da shi a baki. Yayanku ya san haka. Shekarar da ƙyanda ta kama shi, a bayana na goyo shi daga bukkar gona har asibiti, ruwa na kai mini gwiwa. Ranar da zai tafi soja na raka shi tasha, ya durƙusa ya ce Baba zan tafi, na ce to, kai, ka riƙe salla. Ya yi murmushi, ya gane duk abin da ke ciki. Don haka ban yi laifi ba, kuma ba haƙuri nake ba ka ba.

Amma ga abin da ya sa na kira Sauda da biro. Sulken nan bai tafi ba. Tun ranar shina tsaye ƙofar gidana. Na san ba ya nan, ba hauka nake ba, amma in zan fita masallaci sai in ga na raɓa ta gefen hagu kamar kada in buge shi. Na zaci ni kaɗai ne, sai na lura uwarku in tana sharar ƙofa tana zagaye wurin, ta bar ƙasa ba shara daidai faɗin ƙafafu biyu. Ba mu yi maganar ba sai shekaranjiya, tana miƙo mini fura, ba ta ko dube ni ba ta ce: “Malam, har yaushe za a bar yaron nan a rana?” Ita da kunyarsa ta fi tawa nauyi, ita da ko an kira mai irin sunansa a biki sai ta sunkuyar da kai.

Jiya na tafi fadama na tada injin ban-ruwa, na tsaya kusa da shi yadda ƙara za ta rufe, na buɗe baki. Sunan ya zo har bakina ya koma. Da na sake tunani na ga ko ya fito wayo ne, ƙarfen naka ba zai ji ba, ai muryar uba ya ce, ba muryar inji ba. Kuma Musulmi ba a barinsa tsaye ba sutura don ubansa na jin nauyi. Wannan kuskure ne a littafinka, kai da ka yi karatu ya kamata ka sani. Tun da kai ka kasa gyara shi, ni zan gyara.

Ka gai da Rumaisa, ka ce mata yajin da ta aiko ya ƙare tuni. Ka shafa mini kan Khalid da Halimatussa'adiya, waɗanda ban sani ba sai a hoton wayar Sauda, wannan ma wani laifin ne naka. Gwaggonka Asabe ta Goronyo na gaishe ka, kawunka Yari na Maikujera ya ce ka ci amanar zumunci. Yusha'u ya ce in tambaye ka ko sulken na da girman da zai shigi mai tumbi, na ce ba zan ɓata takarda ba, Sauda ce ta rubuta da kanta.

Yanzu hantsi ne. Na sa an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ba a zaure ba, daidai wurin da uwarku ba ta sharewa. Tana tsaye bayan ƙyaure, ina ganin gefen zanenta. Na gaya wa Sauda kada ta rubuta sunan daga kanta, ta jira sai ta ji shi daga bakina, da ƙarfin da mai wucewa zai ji. Ta ɗaga biro tana jira.

Shafi'u.

Shafi'u, ɗana, ka iso gida.

To ga shi nan, Yazidu. Ka buɗe ƙarfen, a yi masa sutura, a kai shi makwancinsa. Maganar zaure kuwa ban ce ta wuce ba, wannan ba a gama ta a takarda. Za mu cire albasa kafin azumi, ina biɗar hannu, ko da hannun da bai iya sa ƙota ba ne. Ƙofa ba kowa tsaye yanzu, uwarku ta ɗauko tsintsiya.

Allah ya jiƙan wanda ya riga mu, ya yi maka albarka, ya kawo ka lafiya.

Ni ne ubanka,
Mainasara, uban Shafi'u.