Mai Shayin Ƙungiyar Matuƙa Jirgi

Uwargidata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yar tamu. Ya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? Ni ma ƙalau nake, in ban da gajiya.

To, na bi shawararki, na shiga ƙungiyar matuƙa jirgin sama. Kin fi kowa sanin halin da nake ciki. Kamfani ba ya ɗaukar matuƙi sai wanda ya daɗe yana tashi, tashin kuma ba ya samuwa sai an ɗauke ka. Ga lasin ɗina na tuƙi zai mutu ƙarshen shekara in ban tuƙa jirgi ba. An ce a ƙungiyar ne manya ke zaɓar wanda zai zauna gefensu ya zama mataimaki.

Ɗakin taron yana bayan filin jirgi. Fanka ɗaya ce ke aiki, tagogi kuma sai karkarwa duk sanda jirgi ya tashi. Ranar farko na yi sammako, na tarar da kujeru a jibge, mai kula da ɗakin bai zo ba. Kin san ni da ƙaiƙayin hannu. Na share, na jera, na ɗora ruwan shayi. Ina can baya ina fama da buta mai yoyo har aka ci rabin taro. Wani dattijo, wanda kowa ke kira Kyaftin, ya kurɓa ya ce rabonsa da shayi irin wannan tun yana saurayi. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi.

Ki gaida mutanen gida.

Naki,
Direban Sama, tunda haka kika raɗa mini

Uwargidata,

Ina gaishe ki da kewa. Ya gida, ya haƙuri da ni? Allah ya sa haƙoran yarinya sun daina hana ku barci.

Watanni sun ja, mai kula da ɗakin nan har yau bai leƙo ba, aikin ya zama nawa ba tare da kowa ya ba ni ba. Kujeru ni, shayi ni, wanke kofuna ni. In na dawo masauki, bayana kamar an daka ni a turmi.

Kwanan nan na gano wata al'adarsu. Ashe duk sabon shiga, da an buɗe taro yake miƙewa ya faɗi inda ya koyi tuƙi da irin jirgin da ya iya. Ni lokacin nawa ya wuce ina wajen buta. Abokin ɗakina ya matsa mini in tashi in faɗa ko yanzu. Ni kuwa kunya nake ji, bayan tsawon lokacin nan in miƙe ina tallar kaina kamar mai gwanjo. Yabon kai jahilci, haka aka tarbiyyantar da mu. Akwai wani yaro da muka gama makaranta tare, bai san inda tsintsiya take ba, amma kullum yana gindin manya yana zuba kamar kanya. Ban ga abin da zai tsinta ba.

Labari mai daɗi shi ne Kyaftin na neman mataimaki a jirginsa na ɗaukar kaya. Mutum ɗaya zai ɗauka. Ni kuwa “ɗana” yake kirana, har makullin motarsa yake ba ni in ɗauko masa jaka. Ki taya ni addu'a, don na gaji da jira.

Mijinki mai kewarki

Uwargidata,

Wasiƙarki ta iso, na gode. Ina fatan kuna lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Kyaftin ya yi zaɓinsa a taron jiya, mai surutun nan ya ɗauka. Aka yi tafi, ni ma na ajiye faranti na tafa, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Da aka watse ina tattara kofuna, ya zo ya dafa kafaɗata. Ya ce ƙungiya ba ta taɓa samun mai kula da ɗaki kamata ba, ya tambaye ni ko na taɓa sha'awar shiga jirgi, ya sa a zaga da ni wata rana in ga gari daga sama. Na zaro lasin ɗina na miƙa masa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zauna a kujerar da ban kai ga naɗewa ba. Ya yi salati, ya ce me ya hana ni magana, shi duk zatonsa ɗaukata aka yi aikin shara da shayi. Ya riga ya ba yaron can kalmarsa a gaban jama'a, ba zai janye ba. Ban ga laifinsa ba. Ban ma da ƙarfin yin fushi.

Shekara ta zo ƙarshe, lasin zai mutu a aljihuna. Zan tattara kayana in taho, ma yi shawarar abin yi.

Kin rubuto cewa yarinya ta fara ɗaga wa kowane jirgi hannu tana kiran Baba. Kada ki hana ta. Amma don Allah, in ta juyo ta tambaye ki ko ni ne a ciki, kada ki ce mata e.

Ki gaida Inna, ki ce ina tafe.

Mijinki