Gyaɗar Kunu a Gonar Jami'a

Zuwa ga Baba, a Kwanyawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya damina?

Yaya Hafizu ya ce har yanzu takardar nan tana manne a zaure, wadda ta ce jami'armu ce ta huɗu a ƙasa, kana nuna wa baƙi. Baba, bana mun koma ta talatin da ɗaya. Gwamnati ta rage abin da take bayarwa, malamanmu uku sun tafi waje. Amma kada ka damu, ana karatu daidai gwargwado.

Da za mu yi gwajin shuka, ko iri babu a sashenmu na noma. Sai na kwance ɗanyar gyaɗar da Inna ta ƙulle mini don kunu, mu ashirin muka shuka ta. Kada ka gaya mata wata biyu ban sha kunu ba. Malaminmu ya tsuguna a gindin shukar, ya ce ya daɗe bai ga irin da ya tsiro haka ba. Yanzu an kafa allo a gonar, an rubuta 'Yar Kwanyawa.

Ka bar takardarka a bango, Baba. Nan ma sunanmu yana manne. A aiko mini da gyaɗa tiya ɗaya, wannan ta kunu ce.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Siddiƙa