Giga Huɗu Kacal

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ni ƙafar ce dai, kamar yadda kika sani.

Ina cikin matsi a shagon buga takardu. Mai shago, yaron da na koya wa lissafi a aji uku, ya ce in raba faifan kwamfutar gida biyu kafin Alhamis, ayyukan mutane su koma gefe guda. In na kasa, akwai wanda zai yi, kuma kujerata zai hau. A gaban masu jiran hoto ya faɗa, yana kirana Farfesa, su kuma suna dariya.

Faifan giga ɗari biyar ne, fiye da rabi babu komai. Amma da na nemi rage ɓangaren C, wato babban ɓangaren faifan, giga huɗu kacal kwamfutar ta ba ni. Sau tara ina gwadawa. Ashe akwai fayilolin da ba sa motsuwa, sun zauna can ƙarshen faifai, kuma ba a iya yanka ta gabansu. Digiri biyu gare ni, ga abin da ke hana ni cin abinci. Kada ki faɗa wa mamanki.

Mahaifinki.

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki. Yaya zazzaɓin ƙaramar?

Na raba faifan jiya Laraba. Na kashe fayil ɗin barcin kwamfuta, bai isa ba. Sai na goge tsofaffin kwafen da take ajiyewa da kanta don ranar ɓarna. Ta tambaye ni ko na tabbata, na danna. Nan take ta ba ni giga ɗari biyu. Har na ji kamar mutum ne ni.

Da yamma wata malamar asibiti ta zo karɓar kundin bincikenta, aikin shekara biyu. Ashe tun Litinin mai shago ya ɗora wani fayil a kan nata a kwamfutar bisa kuskure, nata ya shafe. Bai damu ba, ya ce mata ta zauna, yanzu zai dawo da na makon jiya daga tsofaffin kwafen nan kamar yadda ya saba. Ya buɗe wurin, fayau. Ina tsaye a bayansa ina kallo. Matar ta ce rubutun hannunta ta bar mana, mu kuwa tuni mun yar da shi.

Ya juyo ya tambaye ni ko na taɓa wani abu ban da rabon. Na ce a'a. Ya yarda, domin bai taɓa jin na yi ƙarya ba. Ya zagi kwamfutar, ya yaba aikina.

Kujerar tana hannuna. Matar za ta dawo gobe da safe, kuma ni aka ce in yi mata bayani.

Ki sa ni a addu'a.

Mahaifinki.