Ni Na Gina Injin, Wata Ake Yi Wa Sannu

Malam Gwadabe, don Allah ka taimake ni, abin nan ya tsaya mini a wuya.

Ni da abokina Muhyiddeen tare muka taso a Lajawa, tare muka yi karatun kwamfuta. Yanzu muna Wudil muna haɗa manhajar da za ta riƙa gaya wa masu noman rani lokacin ban ruwa. Lissafin mai nauyi ni na rubuta da C++, harshen da sai an juya shi ya koma na na'ura kafin ya yi aiki, amma akwai gudu. Shi kuma ya yi ɓangaren da mutane ke gani da Python, mai sauƙin rubutu. Ya rage a yi mahaɗar da za ta sa ɓangarorin biyu su yi magana da juna.

Na ce a bar mini. Tun damina nake rubuta ta da hannu, layi bayan layi. Tana aiki, sai dai takan faɗi haka kawai, kuma in ba ni ba babu mai gane kanta. Kwatsam Muhyiddeen ya kawo wata Khaulat, wai ta taya mu. Kafin in ankara ta haɗa komai da wani kayan aiki da ake kira pybind11, a 'yan layuka. Ranar da muka nuna wa shugabannin manoman Achika, ita aka yi ta yi wa sannu, wani dattijo har albarka ya sa mata. Ni ina gefe riƙe da caja. Lissafina ne fa injin da ke gudu a ƙarƙashi, Malam!

Wanda ya fi ci mini rai Muhyiddeen ne. Da in ya maƙale ni yake nema, yanzu sai in shigo in tarar suna dariya kan abin da ban sani ba. Kishi nake, ba zan ɓoye maka ba.

Ya ce tunda lissafin nawa ne, ni zan zaɓi mahaɗar da za mu riƙe kafin dashen tumatir. Na tanadi hujjoji: tata tana jan lokaci wajen juyawa, kuma ta sa mun dogara da kayan wasu. Duk gaskiya ne. Amma ni na san dalilina: in aka ɗauki tawa, ba su isa su yi ba ni ba. In zaɓe ta?

Mai Riƙe da Caja, Wudil

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Na yi dariya, na kuma tausaya maka.

Hujjojinka ba na banza ba ne. Mahaɗar hannu tana da ranarta, inda ake son iko da kowane lungu kuma akwai lokacin kula da ita. Ku ba ku da wannan lokacin. Jinkirin juyawa ku kaɗai zai dama, a ofis. Faɗuwar manhaja kuwa gonar wani za ta shafa. Ka ɗauka zazzaɓi ya kwantar da kai, tumatir na jiran ruwa a Achika, wa zai gyara?

Muhyiddeen ma bai kyauta ba. Ya kamata ya nuna ka a gaban dattawa ya ce ga mai injin. Ka same shi ku biyu ka gaya masa abin ya yi maka ciwo, ka ce a sa sunanka a jikin manhajar. Haƙƙinka ne, ba roƙo ba. Khaulat dai ba ta ci maka komai ba, ta ma ba ka sararin komawa kan lissafin da ka fi kowa iyawa.

Ka zaɓi tata, ka faɗa da bakinka a gabanta, ka ce ta nuna maka yadda ta yi. Muhyiddeen ya san wadda ta fi sarai. Ya bar maka zaɓin ne don har yanzu ya yarda ba za ka cuci manoman nan saboda kanka ba. Kada ka ba shi kunya.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa ku ga amfanin rani.

Malam Gwadabe